Wane irin daji ne? Tambayar da muke tsallakewa a Kaduna

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na je gaisuwar rasuwa a Tudun Wada. Matar wani abokin aikina ce Allah Ya yi wa rasuwa, sankarar mama, ta bar 'ya'ya huɗu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Allah Ya jiƙanta. Muna zaune a ƙarƙashin rumfa, an yi addu'a an shafa, sai hira ta ɓalle kamar yadda aka saba. Wani dattijo ya gyara zama ya ce, "Ni tun ranar da na ji an yanki namanta an kai awo na san an gama. Daji ba ya son ƙarfe." Aka yi ta gyaɗa kai.

Ba dattijon ne ya fi ɓata mini rai ba. Wani ne ɗan boko, babban ma'aikaci, wanda na zaci zai gyara maganar. Sai ya ce, "Baba, ko ba ƙarfe, ciwon nan ba shi da magani a ƙasar nan. Duk wannan binciken ƙwayoyin halitta da ake ta surutu a kai na masu ƙoshi ne. Mu a ba mu maganin zazzaɓin cizon sauro ya ishe mu."

Wurin makoki ba wurin musu ba ne, don haka na yi shiru. Amma maganar ta kwana ta tashi a raina.

Ni ba likita ba ne, malamin bayoloji ne a makarantar sakandare. Matsayina shi ne dukansu biyu sun yi kuskure, kuma kuskurensu ɗaya ne: kowannensu yana magana kamar daji ciwo ɗaya ne. Binciken shekara hamsin da aka yi a kan ƙwayoyin halitta ya nuna ba haka ba ne. Mata biyu za su iya zuwa da ƙullutu iri ɗaya a mama, amma abin da ke hura wutar ciwon a jikin kowacce daban, maganin da zai yi musu aiki ma daban. Saboda haka abin da jihar Kaduna ta fi buƙata da gaggawa a wannan fanni, tun kafin a kai ga maganar magunguna masu tsada, shi ne ɗakin gwajin da zai gaya wa mara lafiya wane irin daji ne da shi, da kuma masu bincike namu da za su duba irin dajin da ke kama mutanenmu.

Ɗan kamasho da bai san mota ta cika ba

Jikin mutum an gina shi da ƙwayoyin halitta sama da tiriliyan 30. Duk wadda ke iya hayayyafa a cikinsu tana ɗauke da kuromosom 46, a cikinsu akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000. Su ne rubutaccen umarnin da ƙwayar ke bi: yaushe za ta rabu biyu, yaushe za ta tsaya, yaushe za ta mutu ta ba wata wuri.

Idan ina koyar da ɗalibaina, tashar Kawo nake kai su da baki. Akwai ɗan kamasho mai kiran fasinja, "Zariya! Zariya! Saura mutum ɗaya!" Aikinsa mai kyau ne, in ba shi mota ba za ta cika ba. Akwai kuma shugaban layi mai cewa ta cika, a rufe ƙofa. A cikin ƙwayar halitta ma haka ne, wasu ƙwayoyin gado suna kiran a hayayyafa, wasu suna tsawatarwa. Ciwon daji yana farawa ne ranar da rubutun ɗan kamashon ya ɓaci, ya kama kira ba dare ba rana, ko kuma shugaban layin ya kurmance. Akasari ma sai duka biyun sun faru, a hankali, cikin shekaru.

Ba a yini ɗaya aka gano haka ba. A 1911 wani masani a Amurka, Peyton Rous, ya nuna cewa akwai ƙwayar cuta da ke sa wa kaji ƙari. Sai a 1976 Michael Bishop da Harold Varmus suka gano abin da ya girgiza kowa: ƙwayar gadon da cutar ke amfani da ita, ashe daga jikin kazar ta sato ta. Wato mai laifin ɗan gida ne da ya kauce hanya. Da ɗan gari akan ci gari.

Labarin da na fi so shi ne na wani dajin jini da likitoci ke kira CML. A 1960, a birnin Filadelfiya, Peter Nowell da David Hungerford suka lura cewa masu wannan ciwo suna da wani guntun kuromosom da bai kai tsawonsa ba. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musayar wutsiya. A mahaɗar sai aka samu wata sabuwar ƙwayar gado, BCR-ABL, ɗan kamasho marar makulli. Aka ɗauki shekaru ana neman sinadarin da zai toshe bakinsa shi kaɗai. A gwajin farko na maganin, wanda Brian Druker ya jagoranta, mutum 53 cikin 54 jininsu ya koma daidai. A 2001 aka amince da imatinib, wanda aka fi sani da Glivec. Ciwon da a da yake kashe mutum cikin 'yan shekaru, yau fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda aka bibiya suna raye bayan shekara goma, suna haɗiyar ƙwaya kullum kamar mai hawan jini.

Irin wannan nake kira magani mai saiti. Kemo da muka sani kamar cinna wa jeji wuta ne don a kama gafiya: gafiyar na iya mutuwa, amma ciyawa da bishiyoyi sun sha wuta, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ke fashewa. Magani mai saiti tarko ne a bakin rami. Sai dai tarko yana da sharaɗi, dole ka san ramin. In ka kafa shi a ramin da ba kowa, ka yi asarar tarko da lokaci.

Takardar Gwaggo

Shekara huɗu ke nan da ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune a Rigasa tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ta ji wani abu kamar ƙwallon dabino a mamanta na hagu. Wata biyar ta ɓoye. Ta sha jiƙe-jiƙe, ta shafa wani baƙin mai da aka kawo mata daga ƙauye. Da ƙyar 'yarta ta lallaɓa ta muka je asibiti.

Da aka yanko ɗan naman, wata likita matashiya ta miƙo mini kwalba a cikin leda, naman na yawo a ruwa mai warin da ke sa hawaye. Ta ce, "Malam, ba sanin ko daji ne ko ba daji ba ne kawai muke so. Ka tabbata an yi gwajin nan guda uku." Ta rubuta mini a bayan kati: ER, PR, HER2, alamomi uku da ake nema a naman don a san irin dajin.

Bayan mako biyu takarda ta fito. Daji ne. Amma layukan nan uku babu komai a gabansu, an ce sinadarin gwajin ya ƙare, ba a san ranar zuwansa ba. Sai da na karɓo naman, wanda a lokacin an riga an daskarar da shi a cikin ɗan dunƙulen kaki kamar sabulun otal, na biya aka aika da shi Legas.

A tsakanin nan gida ya rikice. Wani ɗan'uwanmu ya ji labarin wata mata da allurar Herceptin ta taimaka wa sosai, ya dage ita za a saya. Allura ce da ake yi duk bayan mako uku har shekara guda, kowace kwalba tana cin dubban ɗaruruwa. Har an fara yi wa filin da Gwaggo ta gada ciniki. Ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai karatun, in sayar?" Na ce, "Gwaggo, ki ba ni mako biyu."

Sakamako ya zo: ER akwai, HER2 babu.

Ga ma'anarsa. HER2 wani ɗan kamasho ne da ke zama a fatar ƙwayar halitta. A 1987 Dennis Slamon ya nuna cewa wasu masu sankarar mama suna da shi fiye da kima, kuma nasu ciwon ya fi saurin gudu. A 1998 aka amince da Herceptin don toshe shi. Amma kimanin mace ɗaya cikin biyar ce kawai ke da wannan nau'in. Ga sauran huɗun, allurar ba ta da abin kamawa, ga kuma haɗarin raunana zuciya. Gwaggo tana cikin huɗun. Nata dajin da sinadarin mata, istirojin, yake ƙiba, abin da ER ke nunawa ke nan, kuma maganinsa tamoxifen ne, tsohuwar ƙwaya mai araha da ake sha sau ɗaya a rana na shekara biyar ko fiye. An yi mata aiki, ta yi kemo, an gasa wurin da na'ura, ta sha wuya ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma filinta yana nan.

Wannan nake so ɗan bokon nan ya ji. Gwajin da ya kira na masu ƙoshi, talaka ya fi kowa buƙatarsa, don talaka ba shi da kuɗin yin kuskure.

"Daji ba ya son ƙarfe"

Ban raina dattijon ba. Abin da idonsa ya gani ya faɗa: an kai mace asibiti, an yanka, bayan wata uku an yi jana'iza. Ya ga haka ba sau ɗaya ba. Abin da bai gani ba shi ne watannin da ta yi a ɗaka tana ɓoyewa, har ciwon ya fashe, ya bi jini ya sauka a huhu da ƙashi. Mafi yawan matanmu sai ciwon ya yi nisa suke isa asibiti. Ƙarfe ya zo a makare ne, sai aka ɗora masa laifin jinkirin da ba shi ya yi ba.

Illar wannan magana a zamanin magani mai saiti ta fi ta da. In ba a yanko nama ba, ba a san ramin ba. Duk wanda ya hana a taɓa mace da ƙarfe ya rufe mata ƙofar maganin da ya fi kowane sauƙi a jiki, ya bar ta da zato.

Akwai kuma laifin da yake namu na 'yan boko da ma'aikatan lafiya, ba na dattawa ba. Ƙa'ida ita ce naman da aka yanko ya shiga fomalin, ruwan nan mai hana shi lalacewa, cikin awa guda, ya zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. In aka bar shi a kan tire a zafin watan Afrilu, ko aka zuba shi a fomalin da aka tsinka da ruwan famfo, ko ya yi mako yana yawo a aljihun ɗan'uwa daga wannan tasha zuwa waccan, alamomin da ake nema suna lalacewa. Gwaji sai ya ce ER babu, alhali akwai. A hana mace ƙwaya mai araha da za ta iya ƙara mata shekaru, saboda kwalba ɗaya da ba a kula da ita ba. Wannan gyaran ba ya buƙatar biliyan.

"Sauro ma bai bar mu ba"

Wannan ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ina da rabon yarda da ita. A jihar da yara ke mutuwa da zazzaɓi da tamowa, mata ke rasuwa wurin haihuwa, duk wanda ya ce a kwashe kuɗin asibitocin karkara a sayi na'urar karanta DNA bai yi adalci ba.

Amma ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta nuna Najeriya na samun sabbin masu ciwon fiye da 120,000 a shekara, kusan 80,000 na mutuwa, sankarar mama ce a gaba. Waɗannan ba baƙi ba ne. Kuma abin da mai hujjar bai lura da shi ba, sauron da dajin ba a raba su yadda yake zato. Akwai dajin yara mai kumbura muƙamuƙi wanda Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. A ina ya fi yawa? Inda zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. Bincike ya nuna sauron da wata ƙwayar cuta ne ke haɗuwa su gajiyar da garkuwar jikin yaro, har kuromosom na 8 da na 14 su yi irin musayar nan, ƙwayar gado mai suna MYC ta kama kira.

Ga wanda ya fi kusa da tukunyarmu. Masara da gyaɗa idan ba su bushe da kyau ba aka zuba a buhu, wata fumfuna na fitowa ta bar guba mai suna afilatoksin. Masu bincike sun gano gubar tana zuwa daidai wuri ɗaya, gurbi na 249, a jikin ƙwayar gado p53, wato babban shugaban layin nan da ake samunsa a lalace a kusan rabin duk cututtukan daji. In ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin dajin hanta ya ninka sau da yawa. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Saminaka da kaka ya san yawan masarar da jihar nan ke nomawa, ya kuma san yadda ake shanya ta a gefen titi. Ranar da na karanta wannan, gyaɗar Gwaggo na fara tunawa, baƙaƙen ƙwayoyin da ake warewa a ce na ƙuli-ƙuli ne.

Sankarar bakin mahaifa ma haka. Binciken ƙwayoyin halitta ne ya nuna ƙwayar cutar HPV, mai jawo ta, tana ƙera furotin da ke rusa p53, kuma binciken wannan ƙwayar cuta ne ya kai ga rigakafin da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a 2023, kyauta. Wato makamai mafi araha da muke da su, allurar rigakafin ciwon hanta ga jarirai, rigakafin HPV, busar da hatsi yadda ya kamata, daga irin ɗakin binciken da ake cewa na masu ƙoshi ne hujjarsu ta fito.

Tsada

Nan ba ni da bakin musu sosai. Yawancin sababbin magungunan nan sun fi ƙarfin albashin darakta, balle na malamin makaranta.

Amma farashi ba dutse ba ne. A 2013 kotun ƙolin Indiya ta hana kamfanin Novartis haƙƙin mallakar da ya nema a kan Glivec, kamfanonin ƙasar suka ci gaba da yin nasu da araha. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa imatinib da sinadarin Herceptin cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. A Najeriya ma an daɗe ana ba masu CML Glivec kyauta ta wani shirin tallafi da cibiyarsa ke asibitin koyarwa na Ile-Ife. Sharaɗin shiga kuwa? A tabbatar da gwaji cewa kana da guntun kuromosom ɗin nan da aka gano a Filadelfiya. Ka ga ko sadaka aka zo rabawa, wanda ba a auna shi ba ba ya cikin layi.

Gwamnatin tarayya ta kafa asusun tallafa wa marasa galihu masu dajin mama, bakin mahaifa da firostet (wata gaɓar maza da ke ƙasan mafitsara), kuma asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana cikin waɗanda aka fara da su. Akwai kuma cibiyar binciken daji ta ƙasa, NICRAT. Kuɗin da ke cikin irin wannan asusu kaɗan ne in aka gwada da yawan mabuƙata. Kuɗi kaɗan kuwa shi ya fi buƙatar saiti.

"To Turawa su bincika, mu saya"

Da jikin 'yan Adam da muhallinsu iri ɗaya ne, da na yarda.

A wani nau'in dajin huhu akwai ɓacin rubutu a ƙwayar gado EGFR wanda ke da magani mai saiti. A Turai ana samunsa a kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na masu ciwon. A gabashin Asiya, kusan rabi. Da mutanen Japan da Sin sun zauna jiran lissafin Turawa, da sun ɗauka maganin na tsiraru ne, alhali na rabin marasa lafiyarsu ne.

Mu fa? A manyan binciken ƙwayoyin gado na duniya, masu asalin Afirka ba su wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, kuma yawancinsu ma baƙaƙen Amurka ne, duk da cewa Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado. Farfesa Olufunmilayo Olopade, 'yar Najeriya da ke Jami'ar Cikago, ita da abokan aikinta sun duba mata fiye da 1,000 masu sankarar mama a Ibadan. Abin da suka wallafa a 2018 ya nuna kusan ɗaya cikin takwas gadon ciwon ta yi, ta ƙwayoyin gado BRCA1, BRCA2 ko makamantansu. Wannan adadi ne babba, kuma yana da amfani a aikace: akwai magani mai saiti, olaparib, da aka yi don masu irin wannan, sannan 'yan'uwa mata da 'ya'yan mai ciwon za su san su fara duba kansu da wuri.

Amma Ibadan ba Kaduna ba ce. Jihar da ta tara Bahaushe, Bafillace, Gbagyi, Bajju, Atyap, Adara, Ham da sauran ƙabilu da dama, ga auren zumunci da ya yi yawa a wasu gidajenmu, ga cimarmu daban, wa zai zo daga Landan ya yi mana wannan lissafin? Muna da ABU, muna da Jami'ar Jihar Kaduna da asibitin koyarwarta na Barau Dikko. Duk dunƙulen kakin nan da ake ajiyewa bayan gwaji littafi ne da ba a buɗe ba. Ɗaliban bayokemistiri da muke yayewa kowace shekara, da yawansu suna sayar da kati ko suna POS a bakin Kasuwar Barci.

Tsoron zama abin gwaji

Duk wanda ya kawo wannan, ba na yi masa dariya. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

Sai dai darasin da na ɗauka daga Kano shi ne abin da ke faruwa idan baƙo ne ke riƙe da allura da takarda da sakamako duka. Maganinsa mu samu namu masu binciken, da kwamitin da zai iya cewa a'a, da takardar neman izini da Hausa wadda za a karanta wa mutum ya fahimta, da dokar da za ta ce naman da aka yanka a Kaduna ba zai tsallaka teku ba sai da yarjejeniyar abin da zai dawo wa masu shi. Guje wa bincike ba zai hana a yi shi ba, zai dai sa a yi shi ba da mu ba.

Kada in yi zuƙu

Magani mai saiti ba sihiri ba ne. Daji yana da wayo. Ka toshe ɗan kamasho ɗaya, bayan watanni ko shekaru wasu ƙwayoyin sun sake ɓata rubutu sun sami wata hanya. Ko a CML akwai waɗanda imatinib ke daina yi wa aiki sai an sauya musu. Ƙwayar gado RAS tun 1982 aka gano ta a dajin ɗan Adam, amma kusan shekara arba'in masana suka yi suna cewa ba ta da inda magani zai kama ta. Sai a 2013 Kevan Shokat ya gano wani ɗan lungu a jikin wani nau'inta, a 2021 aka amince da sotorasib, shi ma ga yawancin marasa lafiya watanni yake ƙarawa. Akwai kuma sankarar mama da layukan nan uku duk ke fitowa babu, wadda ta fi yawa a matan Afirka ta Yamma fiye da Turawa, har yanzu kemo ne ginshiƙin maganinta. Aikin tiyata da wuri ya fi kowace ƙwaya warkar da mutane.

Rai na Allah ne, ba wanda ke musun haka. Gwaggo ma ba ta bar addu'a ba, ni ma ban bari ba.

Abin da nake nema

Ba wani dogon jeri ba ne. A tabbatar duk babban asibitin jiha, daga Kafanchan zuwa Saminaka zuwa Birnin Gwari, yana da kwalaben fomalin na gaske da motar da za ta kwashe samfura a kan lokaci, a daina miƙa wa dangi nama a leda. A tabbatar akwai ɗakin gwaji a cikin garin Kaduna da sinadarinsa ba ya yankewa, mai fitar da layukan nan uku cikin mako biyu. Hukumar inshorar lafiya ta jiha, KADCHMA, ta ɗauki nauyin wannan gwajin ko da ba za ta iya ɗaukar allurar ba. A riƙa rubuta kowane sakamako a rajista ɗaya, don bayan shekara biyar mu san mata nawa cikin ɗari ne a jihar nan ke da HER2, mu daina aron lissafin wasu. Sannan a ba jami'o'inmu ɗan abin da za su buɗe dunƙulen kakin nan.

Mu kuma da muke raka iyaye asibiti, in likita ya ce daji ne, kada mu tsaya a salati. Mu tambaya: wane iri? An auna?

Jiya da yamma na biya ta Rigasa. Na tarar da Gwaggo a tsakar gida tana tsince gyaɗa, yanzu baƙaƙen a bola take zubawa, ko da yake tana mita cewa na sa ta asara. Katin ƙwayarta na kan tagar ɗaki kusa da carbi, saura shekara ɗaya da 'yan watanni ta cika biyar. Ta rage murya ta ce maƙwabciyarta, yarinya ce da ba ta kai arba'in ba, ta nuna mata wani ƙullutu. Ta ce za ta raka ta asibiti ranar Talata, har ta sa 'yarta ta kwafe mata haruffan nan a takarda ta ƙulle a bakin zane. Saura mijin, wanda ya ce sai ya yi shawara da mahaifiyarsa.